Kujera Ɗaya, Tikiti Biyu: Nazarin Wata Rigima a Jirgin Rigasa

Rigimar ba ta kai minti ashirin ba, kuma a kan kujera ɗaya aka yi ta, a jirgin safe da ya tashi daga Rigasa zuwa Abuja cikin watan Fabrairun 2023. Ina zaune layi biyu a bayan kujerar, don haka babu abin da aka ba ni labari sai ɗan abin da ya faru kafin a shigo jirgi, shi ma daga bakin mai abin na ji shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Zan kira kowa da abin da aka gan shi da shi: saurayin, mai goyo, mai duba tikiti, mai babbar riga, da wata dattijuwa da duk taragon ya riƙa kira Hajiya.

Abin da ya sa na zauna rubuta shi shi ne, duk wanda ya sa baki a rigimar nan da niyyar gyara ya sa. Babu wanda ya miƙe don ya ci zali. Amma da an ƙara minti biyar a kan hanyar da aka ɗauko, da wani labarin ake yi yanzu.

Jirgin da halin da ake ciki

Layin dogon da ya haɗa Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna tsawonsa kilomita 186 ne. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya shimfiɗa shi, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ranar 26 ga Yulin 2016. A wancan lokacin tafiyar awa biyu ce da ɗoriya, a ratsa Kakau da Rijana da Jere, a sauke mutanen Kubwa, sannan Idu. Da farko jirgin na masu sha'awa ne. Da masu garkuwa da mutane suka matsa wa titin Kaduna zuwa Abuja, sai ya zama na kowa: sanata da ɗan kasuwa da ɗalibi da mai zuwa asibiti duk suka haɗu a layi ɗaya a bakin tasha. Kujeru suka yi kaɗan, inda kuwa kaya ya yi kaɗan dillali ba ya rasa abin yi. A shekarun nan ne maganar cuwa-cuwar tikiti ta zauna a bakin mutanen Kaduna, har aka koma sayar da shi ta intanet a Janairun 2021, kowane tikiti da sunan mai shi da lambar tarago da ta kujera.

Sai daren 28 ga Maris 2022, lokacin da 'yan bindiga suka tayar da bam a kan dogo kusa da Katari, suka buɗe wa jirgin da ya nufo Kaduna wuta. An kashe aƙalla mutum 8, aka shiga daji da fiye da 60, kuma 23 na ƙarshe ba su dawo gida ba sai ranar 5 ga Oktoba. Jirgi ya yi wata takwas a tsaye. Da ya dawo ranar 5 ga Disamba, da sharaɗi ya dawo: ba lambar NIN, ba tikiti. Kuɗi ma ya tashi, ekonomi naira 3,600, bizines 6,500, VIP 9,000. Daga lokacin, wanda aka samu matsala a tikitinsa ba mai cin kuɗin jirgi kaɗai ake ganinsa ba. Tambayar da ke zuwa zuciyar na kusa da shi ita ce, wane ne wannan, kuma ta yaya ya shigo?

Fabrairun kuma shi ne tsakiyar wahalar canjin kuɗi. An janye tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000, sababbin ba su wadata ba, manhajojin banki suna ta katsewa, mutum ya tura kuɗi a cire masa amma ba su isa ba. Kusan kowa a taragon nan da ɓacin ransa ya fito daga gida.

Yadda abin ya gudana

Saurayin ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba. Tela ne daga wajen Tudun Wada, zai kai wa wani mutum ɗinkin biki Abuja, kayan suna cikin jakar bakko da ya ƙi ɗorawa a sama, ya ajiye ta tsakanin ƙafafunsa. Ranar ce shigarsa jirgi ta farko. Kwana biyu yana fama da manhajar sayen tikiti, katinsa ya ƙi biya, sai wani abokinsa ya haɗa shi da wani mai yanka wa mutane tikiti ta waya. Ya tura masa lambar NIN ɗinsa da naira 8,000, wato 6,500 na bizines da 1,500 na ladan aiki, shi kuma ya turo masa hoton tikiti ta WhatsApp. Abin da mutumin ya yi, kamar yadda ya bayyana daga baya, shi ne ya yanka masa ekonomi da sunansa na gaskiya, sannan ya goge lambar tarago da ta kujera a jikin hoton ya rubuta na bizines. Zanen nan mai ɗigo-ɗigo da na'ura ke karantawa bai taɓa shi ba. Shi ya sa saurayin ya wuce ƙofa lafiya, domin tikitinsa na gaske ne, sunansa ne, ranarsa ce. Rubutun da idonsa ke gani ne kawai ƙarya.

Mai goyo ta shigo ana dab da rufe ƙofa, jaka a hannu, yaro a baya yana barci. Ta tsaya a kansa ta duba wayarta, ta duba lambar da ke saman kujera.

"Bawan Allah, ina jin kujerata ce wannan."

Ya ɗago wayarsa ya nuna mata, ita ma ta nuna masa tata. Lamba ɗaya. Ya ce to ai shi ya riga zuwa, ta jira mai dubawa ya zo. Jirgi ya motsa, ta dafa kan kujera ta tsaya. Mu maza mun fi ashirin a taragon nan, kuma kusan minti goma tana tsaye da goyo. Zan dawo kan wannan.

Mai duba tikiti ya iso da 'yar na'urarsa. Ya haska nata, ya gyaɗa kai. Ya haska nasa, ya sake haskawa.

"Malam, naka na ekonomi ne. Taragonka yana baya."

"Oga, duba da kyau. Ga shi a rubuce."

"Ni ba rubutu nake dubawa ba, na'ura nake dubawa."

Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta bayyana wa saurayin komai ba. Abin da ya ji shi ne, an ce idonsa ƙarya yake. Ya buɗe saƙon banki ya kanga masa a fuska: "Dubu takwas na biya! A wannan marra, dubu takwas!" Mai dubawa ya ce, "Ba mu ka biya ba." Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta ƙarasa tunzura shi. Ya rantse da Allah babu inda za shi. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ya tashi mana, bai ga mace da goyo ba? Saurayin ya waiwaya ya auna masa ashar, irin wanda ake haɗawa da iyaye. Sannan ya juyo kan mai goyo: "Ke kuma da kika tsaya mini a ka, ki je ki nemi wanda ya cuce ki." Yaron ya farka ya tsandara kuka. Mai dubawa ya sunkuya zai ja jakar bakkon don ya nuna masa da gaske ake, saurayin ya doke hannunsa, na'urar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kujera.

A nan mai babbar riga ya miƙe. Mutum ne ƙaƙƙarfa, zai kai hamsin, da shadda ruwan toka mai aiki. Ya naɗe hannun rigar a kafaɗa, ya tako ba gaggawa. Kalma biyu ya faɗa, "Kai, tashi," kuma bai jira amsa ba. Ya ci kwalar yaron ya ɗaga shi kamar an ɗaga buhun dusa, ya fizgo shi tsakiyar hanya. Garin fizgar bakinsa ya bugi hannun kujerar gefe, leɓe ya fashe, jini ya ɗiga a farar rigarsa. Taragon ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa. Wayoyi huɗu ko biyar suna sama suna ɗauka.

Tafin bai gama lafawa ba wata murya ta ce, "Ku bincike shi da kyau. Irin su ne infoma."

Ban ga wanda ya faɗa ba, amma na ga abin da kalmar ta yi. Matar da ke gefena ta janyo ɗanta jikinta. Samari biyu suka miƙe, ɗaya ya fizgi jakar bakkon ya ja zik ɗin da ƙarfi har ya tsinke. Kaftani huɗu ne a ninke cikin leda, da hula biyu, da awon tela a nannaɗe. Hakan bai gamsar da kowa ba. Ɗayan ya ƙwace wayar daga hannunsa ya ce a duba waɗanda yake kira. Mai babbar riga yana riƙe da kwalarsa har lokacin, ina jin shi kansa bai san me zai yi da shi ba. Kuma jirgin ya fara shiga dajin da kowa a taragon ya san sunansa, inda ko ba rigima mutane kan rage hira su riƙa kallon taga.

Hajiya tana zaune can gaba, tsohuwa mai kimanin shekara saba'in, da carbi a hannu. Ta daɗe kafin ta miƙe, ta daɗe kafin ta iso, tana dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya, dole aka riƙa ba ta hanya. Ta shiga tsakanin mutum biyun har mayafinta yana gogar su.

"Alhaji, sake shi haka nan. Ka ce ya tashi, ga shi ya tashi. Me ya rage?"

Ya sake shi. Ta dubi mai goyo: "Ke 'yar nan, zauna a wurinki ki ba yaron nan nono." Ta dubi samarin: "Wa ya karɓi wayarsa? A ba shi abinsa." Aka miƙo. Ta kama hannun saurayin ta kai shi kujerarta ita, ta zaro hankici daga jaka ta ce ya danne bakin. Tana tsaye a kansa ta yi tambayar da tun farko ba wanda ya yi: "Ɗana, wa ya yankar maka tikitin nan?"

Ya faɗa. Wata ɗaliba da ke kujerar kusa ta karɓi wayar ta buɗa hoton da yatsu biyu. Da ya girma sai aibin ya fito fili: lambar taragon ta fi sauran rubutun kauri, kuma farin da ke bayanta ya ɗan bambanta da farin takardar, kamar an yi wa bango faci da sabon fenti. Mai dubawa, wanda ya samo na'urarsa daga ƙarƙashin kujera, ya juyo masa da fuskarta. Ga sunansa, ga ekonomi, ga lambar kujerarsa ta gaskiya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," sannan hawaye ya zubo masa. Lokacin da leɓensa ya fashe bai yi kuka ba.

'Yan sandan da ke rakiyar jirgi sun iso an riga an zauna. Suka duba katin shaidarsa, ya yi daidai da tikiti. Mai dubawa ya ce an sasanta. Hajiya ta ce kafin ya tafi ya ba baiwar Allah nan haƙuri, ya ba wanda ya zaga haƙuri, ya ba ma'aikaci haƙuri. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hankici a baki, ya rungumi jakarsa da zik ɗinta ya mutu, aka raka shi taragon baya. Mai babbar riga ya koma wurinsa ya ce yaran zamani ba tarbiyya, aka amsa masa da wallahi kuwa. Shi ba wanda ya ce ya ba da haƙuri.

Gardama biyu aka cakuɗa

Ta farko ita ce, kujerar ta wace ce? Wannan mutum ɗaya ne a taragon ke da abin warware ta, shi ne mai na'ura. Mu fasinjoji ba mu da wani sani a kai da ya wuce na saurayin. Hasali ma da an nuna mana hotunan biyu a lokacin, da yawanmu za mu ce kuskuren kwamfuta ne. Ta biyu ita ce mace tsaye da goyo, da ashar, da dukan hannun ma'aikaci. Wannan kam ta shafi kowa, kuma wanda ya ga haka ya kau da kai bai kyauta ba.

To amma maganin ta biyun yana hannunmu tun minti na farko, kuma kyauta ne. Namiji ɗaya ya miƙe ya ce, baiwar Allah zauna nan kafin a duba. Da an yi haka, da saurayin bai zama wanda ya hana mai goyo zama ba a idon jama'a, da mai dubawa ya same shi cikin natsuwa, da wataƙila an buɗa hoton nan tun kafin a kai ga ashar. Ba mu yi ba, saboda kowa yana ganin ya biya 6,500 ɗinsa a watan da naira dubu a hannu ta zama abin nema. Mun bar matar a tsaye minti goma, sannan muka fusata a madadinta. Ina zargin wani kaso na tafin nan jin kunyar kanmu ne ya samu mafita.

Mai babbar riga

Ba na son a ɗauka azzalumi ne. Akwai gajiya ta gaske a zukatan mutane game da rashin kunyar da ake yi a bainar jama'a kowa ya sunkuyar da kai: a cikin Keke Napep, a layin gidan mai, a bakin banki. Mutumin nan ya ga an zagi iyayen wani, an ci fuskar mace, an doke hannun ma'aikaci a bakin aikinsa, kuma ya ga manyan mutane sun zuba ido. Miƙewarsa daidai ce. Da ya zo ya tsaya da girman jikinsa tsakanin yaron da mai dubawa ya ce ya isa, da babu mai cewa uffan, kuma ina da yaƙinin da ya isa ɗin.

Inda ya zarce shi ne, lokacin da ya kai hannu yaron yana zaune, bai sake ɗaga hannu ga kowa ba. Babu wani duka da ake tarewa. Fitar da shi daga kujera aikin ma'aikacin jirgi ne da jami'an tsaron da ke cikin jirgin, waɗanda kiran su bai fi aika mutum ɗaya ba. Shi ya ɗauki aikin, ya haɗa da horo.

Doka ba ta hana farar hula sa hannu ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 20, ta yarda mutum ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, sashe na 23 kuma ya wajabta masa miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017. Final Kod, wato kundin dokar hukunta laifuka, ita ma ta san kare kai da kare wani, muddin ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce buƙata ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya hana wulaƙanta ɗan Adam, ko mai laifi ne. Wato an ba ka damar tsayar da ɓarna da riƙe mai ita har hukuma ta zo, ba a ba ka damar hukunta shi ba. Da saurayin ya so kai ƙara kan leɓensa, yana da abin faɗa, kamar yadda ma'aikacin yake da abin faɗa a kansa.

A taragon na ji wani yana kare Alhajin da hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri, cewa wanda ya ga abin ƙi ya gyara shi da hannunsa, in bai iya ba da harshensa, in bai iya ba da zuciyarsa. Hadisin ingantacce ne, amma malamai ba su bar shi haka ba sharaɗi ba. Sun ce gyara da hannu na mai iko ne a kan abin da yake da iko a kai, kuma kada gyaran ya haifar da ɓarnar da ta fi wadda ake gyarawa. Duk ɗan Islamiyya ya san labarin baƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sahabbai suka yunƙura za su far masa, ya ce su ƙyale shi ya gama, sannan a zuba bokitin ruwa a wurin, ya kira shi ya yi masa bayani. Wanda ya kawo hadisin farko a jirgin bai kawo wannan ba, ni ma kuma bai faɗo mini ba sai da muka wuce Jere.

Kalmar da ta biyo bayan tafi

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jerin yadda abubuwa suka zo. Minti goma sha biyar saurayin yana zaune, yana gardama, yana zagi, ba wanda ya kira shi infoma. Sai da aka ga an shaƙe shi, jini ya fito, jama'a sun tafa, sannan kalmar ta samu bakin fita. Tafin ne ya shaida wa taragon cewa wannan mutum an halatta shi. Daga nan kowa ya ji yana da hurumi, wannan ya buɗe jaka, wancan ya ƙwace waya, kuma kowannensu yana ganin tsaron rayukanmu yake yi.

Tsoron ba na banza ba ne. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, kuma a wannan layi maganar masu tsegunta wa 'yan bindiga ba tatsuniya ba ce a wurin kowa. Sai dai a duba abin da aka kafa zargin a kai: yaro ya zauna a kujerar da ba tasa ba, ya tara wa kansa idon mutum hamsin da hayaniya. Mai leƙen asiri da ya san aikinsa, shi ne zai fi kowa ingancin tikiti, ya fi kowa shiru. Kuma da jakar ta buɗe aka ga kaftani, zargin bai mutu ba, sai ya koma kan waya. Da wayar ta fito da lambar wani ɗan uwansa da aka ajiye da sunan wani ƙauye na kan hanyar nan, Allah kaɗai ya san inda za a tsaya.

A ƙarshen Maris 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an ce masu garkuwa ne, mun yi kuka mun yi Allah wadai, kuma muna da gaskiya. Ranar da na ji labarin, taragon nan na tuna. Ba ina haɗa girman abin biyu ba ne. Amma na san yadda take farawa, domin na zauna a cikinta, na ga mutanen kirki masu carbi da jakar ofis sun miƙe tsaye a kan kalma ɗaya da ba a ma san wanda ya furta ta ba.

Abin da Hajiya ta yi

Za a ce ai tsufa ne ya yi mata aiki, kuma akwai gaskiya a ciki. Da wani saurayi ne ya shiga tsakani a daidai lokacin, da an ce abokin aikinsa ne. Furfura da hijabi sun ba ta abin da ƙarfin Alhaji bai ba shi ba. Amma ba tsufan kaɗai ba ne. Ba ta ce wa Alhajin ya yi laifi ba, ta kira shi da girmansa, ta nuna masa cewa abin da ya nema ya samu, ta buɗe masa ƙofar da zai saki kwalar ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Mutumin da ya riƙe wani a gaban jama'a yana bukatar wannan ƙofar fiye da yadda ake zato. Kuma ba ta wanke yaron ba. Ta sa shi ya ba mutum uku haƙuri da bakinsa mai jini, domin cutar da dillali ya yi masa ba ta halatta masa zagin iyayen kowa ba. Kujerarta ta bayar, wadda ita ma kuɗi ta biya, ta tsaya da ƙafafun da ke mata ciwo har aka gama.

Ɗalibar nan ma ta cancanci a ambace ta. Daƙiƙa goma ta yi da wayar, kuma ita ce kaɗai a cikinmu ta duba abin da ake rigimar a kansa.

Bayan an sauka

Na same shi a Idu yana ɗaure jakarsa da igiyar da wani mai dako ya ba shi. Leɓen ya kumbura. A nan ya ba ni labarin abokinsa da mai yankan tikitin. Ya kira lambar a gabana sau uku, a kashe. Mutumin ya ci naira 4,400 a zaune, bai shiga jirgi ba, ba wanda ya ci kwalarsa, kuma yana riƙe da lambar NIN ɗin yaron da ta duk wanda ya taɓa tura masa. Na ce ya kai rahoto wurin 'yan sandan tasha tunda yana da saƙon banki da sunan asusun da kuɗin ya shiga. Ya ce sai ya dawo, yanzu mai kaya yana jiransa, kuma damuwarsa ɗaya daga cikin kaftanin ya taɓa ƙasa. Ya tambaye ni ko jinin da ke rigarsa yana fita sosai. Na ce yana fita. Ya juya rigar ya sa ta a bai-bai.

Bayan kwana uku wani ɗan uwana ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na danginmu. Daƙiƙa hamsin ne, ya fara daga inda Alhaji ya miƙe, ya ƙare a inda ake jan zik ɗin jaka. Babu Hajiya a ciki, babu ɗaliba, babu kaftani. Fuskar yaron ta fito tar, ana jin tafi, an rubuta a ƙasa cewa an kama infoma a jirgin Kaduna, kuma a samansa akwai alamar nan da ke nuna an yi ta tura shi sau da yawa. Na rubuta dogon bayani cewa ina cikin taragon, tela ne, dillali ne ya cuce shi, 'yan sanda sun duba shi sun sake shi. Mutum biyu suka amsa. Wanda ya turo ya rubuta, "To Allah ya kyauta." Bai goge bidiyon ba.